Hoton ƙwaƙwalwar Yaya ya fito lafiya lau, shi kuwa ba shi da lafiya

1/ Zare ne mai tsawo, ku yi haƙuri da ni. Na daɗe ina son rubuta shi, sai shekaranjiya Yayana ya ba ni izini. Sharaɗinsa biyu: kar na ambaci sunansa, kuma kar na mayar da shi abin tausayi. To zan yi ƙoƙari.

2/ Shekara biyu ke nan. Yaya yana aji huɗu a jami'a, shekarunsa 23, ni kuma ina ajin farko. Abin bai zo da hauka irin na fim ba. Barci ne ya fara ɗaukewa. Sai ya daina zuwa ƙwallo da yamma. Sai ya daina amsa kiran abokansa. Duk muka ce jarabawa ce.

3/ Da ya dawo hutu sai muka ga ya liƙe duk wata kafar soket ta ɗakinsa da salatif. Ba ya cin tuwo sai Umma ta fara kai loma a gabansa. Wata rana da asuba ya riƙe hannuna ya ce, "Ke ba kya jinsu? Tun dare suke maganata a rediyon maƙwabta." Wallahi babu rediyon da ke kunne. Ko wuta babu.

4/ Kun san yadda gidajenmu suke. Goggo ta ce sammu ne, don yaron ya fi 'ya'yan wasu ƙoƙari. Kawu ya ce shaye-shaye ne. Aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu. Ban raina ko ɗaya ba, ni ma na tashi tsakar dare na yi masa addu'a. Amma wata bakwai muka yi a haka kafin a kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa. Wata bakwai fa.

5/ Likita ya saurare shi fiye da awa ɗaya, ya saurari Umma, ya sa aka yi gwajin jini da na fitsari. Bayan zuwa na uku ya faɗi sunan: sikizofireniya. Umma ta ce, "Likita, a yi masa hoton kai mana, mu gani da idonmu." Ya ce, "Hajiya, za a iya yi don a tabbatar babu ƙari ko wani abu daban, amma kar ki sa rai hoto zai nuna wannan ciwon."

6/ Ba mu ji wannan kashin na biyu ba. Umma ta sayar da 'yan kunnenta na zinare aka yi MRI. Sakamako ya fito: babu wata matsala. Baba ya ɗaga takardar a tsakar gida ya ce, "To kun gani. Na'ura ma ta ce ƙwaƙwalwarsa lafiya. Wannan ba ciwon asibiti ba ne." A daren aka fara maganar a daina ba shi magani a kai shi gidan mari.

7/ Ni a lokacin ban da amsa. Kuka kawai na yi na roƙi a ƙara wata uku. Fannin aikin sassan jiki nake karanta, amma ajin farko me ka sani? Daga ranar na fara karatun da ba na jarabawa ba. Abin da na fahimta shi zan zayyana muku, ta yadda na so a ce wani ya yi min bayani a daren nan.

8/ Farko dai, ciwon ba baƙo ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 20 ke ɗauke da shi, wato wajen ɗaya cikin 300. A maza ya fi bayyana daga ƙarshen shekarun samartaka zuwa farkon ashirin da wani abu, a mata yakan ɗan jinkirta. Riƙe maganar shekarun nan, za mu dawo kanta.

9/ Sunan kansa wani likita ɗan Suwizalan, Eugen Bleuler, ya raɗa shi a 1908. Shekaru da yawa bayan nan likitoci na yanka ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu da ciwon, suna neman rauni ƙarara irin na shanyewar ɓarin jiki, ba su samu abin da kowa zai yarda da shi ba. Har wasu suka koma ɗora laifin kan tarbiyyar uwa. Ku duba zalunci.

10/ A 1976 ne abin ya juya. Wata likita, Eve Johnstone, da abokan aikinta a Landan suka yi wa marasa lafiya 17 hoton CT, lokacin na'urar sabuwa ce. A tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wasu ramuka masu ɗauke da ruwa, kowa yana da su. Sai suka ga na marasa lafiyar sun fi na masu lafiya faɗi. Idan ramin ya faɗaɗa, alama ce naman da ke kewaye ya ragu.

11/ Wanda ya fi taɓa ni shi ne na 1990 a Amurka. Aka samo tagwaye 'yan ƙwai ɗaya, Hassan da Usaini na gaske, biyu-biyu har 15, ɗaya na da ciwon ɗaya ba shi da shi. Aka yi musu MRI. Kusan a kowane biyun, mai ciwon ramukansa sun fi faɗi, kuma sashen da ke adana tunawa, hifokamfus, ya fi ƙanƙanta.

12/ To ga inda amsar Baba take. Da za ka ɗauki hoton tagwai mai ciwon shi kaɗai ka ba likitan hoto, sau da yawa zai ce lafiya lau. Sai ka ajiye shi kusa da na ɗan'uwansa bambancin ke fitowa. Yaya kuwa ba shi da tagwai, kuma ba mu da hotonsa na lokacin da yake shekara 18.

13/ Idan aka tara dubban mutane aka auna, girman ƙwaƙwalwar masu ciwon yana ƙasa da na sauran da kamar kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari. A matsakaici fa. Alhali tsakanin masu lafiya su kansu bambancin ya fi haka nesa. Kamar ka ce maza sun fi mata tsawo, gaskiya ne, amma ba za ka ji tsawon mutum kaɗai ka rantse namiji ne ko mace ba.

14/ Shi ya sa har yau babu hoto ko gwajin jini da ake tabbatar da ciwon da shi. Da sauraro ake ganewa, da tarihin mutum, da tsawon lokacin alamomin. "Hoto ya fito lafiya" ma'anarsa babu ƙari, babu zubar jini, babu ruwa da ya taru. Iyakarsa ke nan.

15/ Yanzu tambayar da ta hana ni barci: yaushe raguwar ke faruwa? Tun haihuwa? Ko ciwon ne ke ci a hankali? Ko maganin ne?

16/ Don amsa wannan, masu bincike a Melbon ta Ostareliya, daga baya kuma a Amurka da Kanada, suka riƙa bin matasan da suka fara nuna ƙananan alamu, irin su zargi da janyewa daga mutane, amma ciwon bai kama su sosai ba. Ana yi musu hoto, a sake yi bayan shekara ɗaya ko fiye. Yawancinsu ba su kamu ba, wannan ma abin sani ne.

17/ Amma waɗanda suka kamu, an ga ɓawon ƙwaƙwalwarsu, musamman na gaban goshi, yana sirancewa da sauri fiye da na sauran, daidai lokacin da ciwon ke shigowa. Gaban goshi kuwa nan ne wurin tsara abu, da auna magana, da riƙe kai. A binciken Amurka na 2015 har sun ga saurin sirancewar na tafiya tare da yawan sinadaran kumburi a jini.

18/ Da na karanta wannan sai na tuna watannin da muke cewa "jarabawa ce". Na rufe kwamfutar na fita tsakar gida na zauna. Ban ce da mun kai shi da wuri da bai kamu ba, babu wanda zai iya faɗin haka. Amma an sha gani cewa waɗanda suka daɗe ba magani bayan ciwon ya bayyana, sauƙinsu ya fi wahala.

19/ Kar kalmar "sirancewa" ta tsorata ku yadda ta tsorata ni. Na ɗauka ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke mutuwa kamar a ciwon mantuwa na tsofaffi. Ashe ba haka ba ne. Da aka duba da madubin likita, ƙwayoyin yawanci suna nan. Abin da ya ragu shi ne ƙananan rassansu da mahaɗun da suke magana da juna ta ciki.

20/ Nan ne wurin da ya fi min daɗin karatu, ku ɗan tsaya. Duk wanda ya taɓa zuwa gona ya san idan an shuka gero ba ƙwaya ɗaya ake jefawa a rami ba. Ana zuba da yawa, su tsiro cunkus, daga baya manomi ya bi ya rage, ya bar masu ƙarfi. Idan bai rage ba, ba za su yi zangarniya mai kyau ba.

21/ Haka ƙwaƙwalwa take. Ƙaramin yaro yana da mahaɗu fiye da na babba. Daga yarinta zuwa samartaka sai jiki ya bi yana ragewa, wanda ake amfani da shi ya zauna, wanda ba a amfani da shi a cire. Kuma gaban goshi ne na ƙarshe a wannan aikin, har cikin shekaru ashirin da wani abu ana yi. Kun tuna shekarun da na ce ku riƙe?

22/ Tun 1982 wani likita, Irwin Feinberg, ya ce wataƙila ciwon nan kuskure ne a wajen ragewar. Mai rage tsiron ya wuce gona da iri. Shekara talatin da wani abu maganar na nan ba hujja mai ƙarfi.

23/ To waye mai ragewar? Abin mamaki, garkuwar jiki ce. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙwayoyi, maikurogiliya, aikinsu shara da gadi. Su ke cinye ƙwayar cuta da gawar ƙwayoyi. Su ne kuma ke cinye mahaɗun da aka yi wa alamar cirewa. Alamar da ake sawa ɗin ma sinadaran garkuwa ne, irin waɗanda ake liƙa wa ƙwayar cuta don a gane ta.

24/ A 2014 aka binciki ƙwayoyin gado na dubban mutane, aka samu wurare 108 masu alaƙa da ciwon. Wanda ya fi kowanne ƙarfi yana kan kuromosom na 6, a unguwar da ke kula da garkuwar jiki. A 2016 masu bincike a Boston suka nuna babban kaso na wannan alaƙar daga wata ƙwayar gado ce, C4, ɗaya daga cikin masu sa alamar nan.

25/ Mutanen da nau'in C4 ɗinsu ke sa a samar da sinadarin da yawa, haɗarinsu ya ɗan fi. A ɓeraye kuma an ga C4 na da hannu a rage mahaɗu. Ka ga zancen Feinberg ya samu ƙafa. Amma "ɗan fi" na ce. Miliyoyin mutane na yawo da wannan nau'in lafiyarsu ƙalau.

26/ Sai batun kumburi. Mu idan an ce kumburi, ƙafa muke tunani ta yi suntum. Wannan ba shi ba ne. Garkuwar jiki ce ke zama a kunne ƙasa-ƙasa, kamar garwashin da aka rufe da toka. Ba zazzaɓi, ba ciwo, sai dai a jini a ga wasu sinadaran saƙo, saitokin, sun ɗan hau. Wanda aka fi ambata shi ne IL-6.

27/ An same su a sama a jinin mutanen da ciwon ya kama karon farko, har da waɗanda ba su taɓa shan magani ba, kuma wasunsu na sauka idan mutum ya samu sauƙi. A Ingila, yankin Biristol, an auna jinin yara suna shekara 9, aka bi su har 18. Waɗanda IL-6 ɗinsu ya fi yawa tun suna yara sun fi fuskantar alamun irin wannan ciwon, da ciwon damuwa ma.

28/ Har a ciki ma akwai alamar tambaya. An ga haɗarin ya ƙaru ga 'ya'yan da aka ɗauki cikinsu a tsananin yunwar Holan ta 1944 zuwa 1945, kusan ninki biyu, aka sake ganin haka a yunwar Sin ta 1959 zuwa 1961. Akwai kuma binciken da ke danganta shi da cututtukan da uwa ta yi da ciki. Ban faɗa wa Umma wannan ba. Na san me za ta yi da shi, kanta za ta ɗora wa.

29/ Yanzu bari na tona asirin kaina. Da na gama karanta duk wannan sai na ji ni ce likita. Na ce ai shi ke nan, kumburi ne, a kashe kumburin. Na ga ana maganar wani maganin ƙwayoyin cuta, minosaikilin, wai yana kwantar da maikurogiliya. Har na je kemis na tambayi kuɗinsa. Niyyata na riƙa ba Yaya a ɓoye.

30/ Allah ya taimake ni na fara tambayar likitansa. Bai yi min faɗa ba. Ya ce, "Ƙanwata, kin karanta rabi, je ki karanta sauran." Ashe a Birtaniya an gwada maganin a kan mutum sama da 200 da ciwon bai daɗe da kama su ba, tsawon shekara guda, aka fitar da sakamako a 2018. Bai fi ƙwayar bogi ba. Ko a alamomi, ko a hoton ƙwaƙwalwa.

31/ Sauran rabin ya fi haka ma. Hotunan da aka yi don ganin ko maikurogiliya sun tashi a ƙwaƙwalwar masu rai, wasu sun ce sun tashi, wasu sun ce babu bambanci, wasu ma sun ce ƙasa suka yi. Kuma ba kowane mai ciwon ke da alamar kumburi ba, wani rukuni ne da bai kai rabi ba. Mai yiwuwa abin da muke kira da suna ɗaya cututtuka ne daban-daban.

32/ Ga kuma taba, da ƙiba, da rashin barci, da tashin hankali, duk suna ɗaga sinadaran nan. Mutumin da ya yi wata uku yana jin ana zaginsa ta bango, ba ya barci, ba ya ci, ya za a yi jininsa ya zauna daidai? To kumburin ne ya kawo ciwon ko ciwon ne ya kawo kumburin? Ni dai a nawa ganin duka biyun na ciyar da juna, amma gani ne na ɗaliba.

33/ Abin da ke ba ni haushi: kusan duk binciken nan a Turai da Amurka da Sin aka yi su. Mu da muke tashi da maleriya duk damina, da taifot, da tsutsar ciki, garkuwar jikinmu ba irin rayuwar ta yaron Biristol ta yi ba. Idan Allah ya kai ni digiri na biyu, nan nake son tono.

34/ Dole na faɗi wannan ma, don wani zai jefo min shi a ƙasa: e, akwai binciken da ya nuna yawan maganin ciwon na tsawon shekaru yana tafiya da raguwar naman ƙwaƙwalwa, sananne shi ne na Ayowa a 2011. Sai dai waɗanda ciwonsu ya fi tsanani su ake ba magani mai yawa, ka ga rabe su da wuya. Kuma su masu binciken sun ga tsawon lokacin da ciwon ke ɗauka idan ya dawo ma na tafiya da raguwar.

35/ Abin da likitoci suka ɗauka daga nan shi ne a ba da mafi ƙarancin adadin da zai riƙe mutum, a riƙa dubawa. Ba a daina ba. Don Allah kar wani ya karanta zaren nan ya je ya zubar da maganin ɗan'uwansa. Mu mun gwada. Baba ya sa an daina na sati shida, muryoyin suka dawo da ƙarfinsu, muka kwana uku muna neman Yaya kafin a same shi a tashar mota.

36/ Wani abu ɗaya da ya sa gwaje-gwajen farko ke da amfani: akwai ciwon da garkuwar jiki ke kai wa ƙwaƙwalwa hari kai tsaye, an bayyana shi a 2007, ya fi kama 'yan mata. Yana fara kamar taɓin hankali, amma cikin kwanaki ko makonni sai farfaɗiya, ruɗewa, motsin baki da ba a so. Wannan maganinsa daban, kuma gaggawa ne. Idan kun ga haka, asibiti kai tsaye.

37/ Yadda aka shawo kan Baba kuwa, ba ni ba ce da tagwayena da C4. Na yi masa bayanin gero, ya saurara, ya ce "Allah ya yi miki albarka", bai ce komai ba. Malamin da ke yi wa Yaya ruƙiyya ne ya ce masa, "Alhaji, a ci gaba da na asibiti, mu ma muna namu. Ba kishiyoyi ba ne." Shi ke nan fa.

38/ Daga baya na ga ashe an gwada irin wannan a Ibadan da Kumasi, aka haɗa masu maganin gargajiya da na addini da ma'aikatan asibitin unguwa suna kula da mara lafiya tare. Sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna waɗanda aka yi wa haka sun fi samun sauƙi. Tun 1954 ma Farfesa Lambo ya fara ajiye marasa lafiya a ƙauyen Aro tare da danginsu maimakon kulle su.

39/ Akwai tambayar da ba na son yi amma an yi min ita. Wata daga dangin wanda ke nemana ta tambayi Umma, cikin dabara wai, ko "abin nan" na bin jini. Amsar gaskiya: gado na da hannu. Ɗan'uwan mai ciwon haɗarinsa wajen ɗaya cikin goma ne. Tagwai ɗan ƙwai ɗaya ma, mai gado iri ɗaya sak, kusan rabi ne. Na faɗa wa saurayin haka da bakina. Yana nan dai har yanzu, danginsa ne ban sani ba.

40/ Ni kaina shekaruna 22. Idan na kwana biyu ban yi barci sosai ba sai na tsinci kaina ina kasa kunne, ko zan ji wani abu. Ban taɓa ji ba. Amma na daina kwanan karatu har asuba, kuma na faɗa wa ƙawata ta ɗaki abin da za ta lura da shi da wanda za ta kira.

41/ Yaya yanzu allura yake karɓa sau ɗaya a wata. Ta sa shi ƙiba, yana ƙorafi, likita ya rage adadin sau ɗaya. Ya koma makaranta, ya maimaita shekara. Ba ya son taro, kuma karatun da yake yi a awa ɗaya da, yanzu sai ya yi biyu. Da yamma muna zagaya filin unguwa tare idan ina gida.

42/ A irin wannan zagayen ne watan jiya ya tsaya ya ce, "Ke da kike karanta abin nan, faɗa min gaskiya. Na gani a waya wai ƙwaƙwalwarmu narkewa take yi." Na ce masa ba narkewa take ba, Yaya. Ƙwayoyin na nan. Canjin ya fi yawa a shekarun farko, kuma hotunan nan matsakaicin dubban mutane ne, ba kai ba.

43/ Ya ɗan yi shiru. Sai ya ce, "To 'yan kunnen Umma fa? A banza ke nan aka sayar?" Na ce ba a banza ba, sun nuna mana abin da ba shi ba ne. Ya yi dariya ya ce shi dai albashinsa na farko na bautar ƙasa kasuwar 'yan zinare zai tafi, kuma ni zan raka shi don bai iya ciniki ba.